Gemu Ba Ya Hana Riƙe Alƙalami



Da yawa daga cikinmu mun iya karatu da rubutu daidai gwargwado. Mukan rubuta lissafin bashi, mukan karanta takardar likita, mukan aika saƙo ta salula. Amma tsakanin iya haɗa baƙi da iya zuba labari a takarda, har wani ya karanta ya ji abin a jikinsa, akwai tafiya mai nisa. Mu da muka zauna wata biyu a wani ajin maraice na koyon rubutun adabi, sau biyu a mako, muna so mu gaya muku abin da muka samu a wannan tafiya, da dalilin da ya sa muke ganin bai kamata ya tsaya a kanmu ba.

Ba yara ba ne mu. A cikinmu akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai malamin lakwal da ya yi ritaya. A ajin mata, wanda ake yi tsakanin la'asar da magariba, akwai ungozoma da matan aure masu jikoki. Damuwa guda ce ta tara mu. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da yunwar 1984 suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ya tafi yakan tafi da labarinsa: yadda aka yi ƙaura, yadda dabbobi suka ƙare, wane maƙwabci ya raba damin geronsa na ƙarshe. Ƴaƴanmu kuwa da Faransanci suke karatu, hirar dare kuma salula ta karɓe ta. In mu da ke tsakiya ba mu rubuta ba, wa zai rubuta?

Darasin farko bai yi mana sauƙi ba. Malam ya ce kowa ya zaɓi abu ɗaya a gidansa, turmi ko tabarma ko tsohuwar fitila, ya cika shafi guda a kansa, ba tare da wa'azi ko nasiha ba. Nan muka gane cewa bakinmu ya saba da yanke hukunci, bai saba da nunawa ba. Mai son ya ce kakarsa mai haƙuri ce, sai aka ce ya ajiye kalmar haƙuri, ya nuna mana abin da hannunta ke yi ranar da hatsi ya ƙare. Daga nan aka shiga gyaran rubutu. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba ado ba ne: kafa daban, ƙafa daban, bari daban, ɓari daban. Aka kuma yi muhawara a kan karin harshe, domin mutumin Tawa ko Dogondutsi yana cewa biyat da hwara, inda littattafan Kano ke rubuta biyar da fara. Shawarar da muka tsaya a kanta ita ce, mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, amma ya bar mutanen cikin labarin su yi magana da bakin garinsu.

Rabin kowane zama karatu ne, domin wanda bai karanta ba ba zai rubuta ba. A nan muka san cewa ƙagaggen labari na boko a Hausa yana da mafari sananne. A 1933 ne Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Muka kuma duba Sarraounia, wanda Abdoulaye Mamani ya fitar da Faransanci a 1980, muka ga yadda ɗan ƙasarmu ya mayar da tarihin sarauniyar Lugu labari mai rai, har Med Hondo ya yi fim da shi a 1986.

Abin da ya fi ƙarfafa mana guiwa shi ne labarin waɗanda suka fara a makare kamar mu. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu a ajin manya. Ita ce ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka buga fassararsa ta Ingilishi a ƙasar Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, shi ma a ajin manya na yamma ya yi karatun bokonsa a Kano. Wato bencin da muke jin kunyar zama a kansa, ya taɓa ɗaukar marubutan da duniya ta sani.

Ba mu rasa masu suka ba. Wani dattijo ya tambaye mu ko ba ƙarya muke koyon shiryawa ba da furfurarmu. Tambaya ce da ta cancanci amsa. Maƙaryaci so yake ka ɗauki abin da bai faru ba a matsayin ya faru, don ya cuce ka. Mai ƙagaggen labari kuwa tun daga bangon littafi ya sanar da kai cewa ƙirƙira ce, kamar yadda kakanninmu ba su taɓa ɓoye cewa gizo da ƙoƙi tatsuniya ba ne. Kuma koyar da manya ta hanyar adabi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilimantar da matan karkara, ta hannun jajis masu jagorantar ƴan taru. Abin lura dai shi ne abin da mutum ya zuba a takardarsa, domin alƙalami tamkar harshe ne, yana gyarawa yana kuma ɓatawa. Shi ya sa muka sa wa kanmu doka: ba a tona asirin mai rai, ba a kuma yi wa ɗan aji dariya in yana karanta aikinsa.

Wata biyu ba su mayar da kowa Abubakar Imam ba, ba mu kuma shiga don haka ba. Amma kowannenmu ya fita da gajeren labari guda da ya gyara sau uku ko huɗu. Ungozomarmu ta rubuta labarin haihuwar da ta karɓa da hasken tocila a daren ruwan sama, kuma da ta karanta wa jikokinta, sai babbar ta nemi a koya mata rubuta Hausa. Ƙofofi ma a buɗe suke fiye da da. Tun 1963 aka kafa aikin yaƙi da jahilci na manya a Nijar, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, a 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, sannan a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta rubuta littafi. Harshen da aka ɗaukaka a takardar gwamnati yana buƙatar abin karantawa a cikin gidaje.

Roƙonmu bai da tsada. Aji irin wannan ɗaki guda yake buƙata, da allo, da fitila, da malami ɗaya mai son littafi, da mutum goma ko goma sha biyu masu cika alkawarin zuwa. Magidanta su ba iyalansu izini, su ma su zo. Wanda ke da tsofaffin littattafan Hausa a akwati ya fito da su a yi aro. Wanda kuma tsohuwarsa ko tsohonsa ke da rai, ya sayi kaye tun wannan makon, ya zauna kusa da su, ya fara tambaya yana rubutawa.

Allah ya sa mu dace, ya albarkaci gidajenmu. Wassalam.