Falken Takarda

Ranar da wasiƙar ta iso daga Jamus, a daminar 2017, na tarar da Mma a tsakar gida tana tsintar wake don shinkafa da waken da take sayarwa da safe a bakin titin Aboabo. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mma, an ɗauke ni. Zan tafi Jamus shekara biyu." Ba ta ɗaga kai daga farantin ba. Ta ce, "Babana, ashe karatun bai ƙare ba? Ba kai ne muka bi har Legon aka sa maka riga da hula, aka ce ka zama dakta ba?" Babana take kirana, domin sunan mahaifinta aka raɗa mini.

Tambayarta tana kan hanya, kuma na san da yawa cikin masu karatu za su yi irinta. Idan mutum ya gama digirin digirgir, kamar yaron maƙeri ne da aka yaye, amma ba shi da uwar maƙera ba shi da zuga-zugi. Ya iya aikin, sai dai babu wurin yi. Saboda haka waɗansu gidauniyoyi suke ba sabon dakta kuɗin jirgi da na ci da sha da na haya, ya je ya zauna kusa da wani babban masani shekara ɗaya ko biyu, ba koyarwa, ba jarrabawa, bincike kawai. Ingila tana da irin wannan mai sunan Newton, wanda aka fara a 2008. Wanda na samu na gidauniyar Alexander von Humboldt ne, wadda ke birnin Bon tun da aka sake kafa ta a 1953. Tana da reshe mai sunan Georg Forster, na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. A lokacin da na nema, ana ba sabon dakta daga wata 6 zuwa wata 24, muddin bai wuce shekara 4 da gama digirinsa ba, kuma shi da kansa zai nemo malamin da zai sauke shi.

Abin bai zo mini a sauƙaƙe ba. Na gama digirina na tarihi a 2015, na dawo Kumasi ina koyarwa nan da can, ana biyana da awa. A 2016 na nemi wani tallafin dabam, aka amsa mini da layi uku cewa ban dace ba. Na yi mako guda ban faɗa wa kowa ba. Daga baya na sake karanta takardar da na aika, na ga laifina ne: na cika ta da labarin talaucina da ƙoƙarina, ban faɗi abin da zan bincika ba, da inda takardun suke, da dalilin da ya sa sai a can za a yi aikin. Masu zaɓe ba sadaka suke rabawa ba. A karo na biyu na yi wata biyar ina gyara shafi biyar, na rubuta wa malamai huɗu da ban taɓa gani ba, ɗaya ya amsa.

Kawu ne ya fassara wa Mma maganar da daddare, bayan isha'i. Ya ce mata, "Yaya, ki ɗauka fatauci zai tafi. Kakanninmu ba haka suka yi ba? Su ɗauko kanwa da tufafi daga Kano, su bi ta Salaga, su koma da goro. Wani mai jari ne ya ba shi guzuri." Mma ta ce, "To, Malam, kakannin namu sun koma Kanon?" Kawu ya yi shiru. Gaskiya ta faɗa. Zango wurin da ayari yake sauka ne ya kwana biyu ya wuce, amma mu ga mu nan jikoki da tattaɓa-kunne, zangon ya zama gida, har da sarki da masallacin Juma'a da maƙabarta. Sannan ta tuna mana 1969, tana 'yar budurwa, lokacin da gwamnatin Busia ta umarci baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar cikin mako biyu, maƙwabta suka sayar da tukwane da gadaje suka hau manyan motoci. Ta ce, "Na ga abin da ake yi wa baƙo. Ka je, amma kada ka kwance kaya duka."

Birnin Hambag na sauka, inda jami'ar garin take da cibiyar nazarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Duk ɗan Kumasi ya san sunan garin nan ko bai san taswira ba, domin daga shi ne aka samo kalmar "boga" da muke kiran wanda ya dawo daga Turai da sarƙa a wuya da babban wando. Tun kafin in cika wata guda saƙonni suka fara shigowa: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, suna, biki. Kuɗin da ake ba ni yana isa mutum ya zauna cikin mutunci, amma idan aka juya shi zuwa sidi sai ya yi kama da dukiya, kuma ba wanda yake juya kuɗin hayar ɗakina zuwa sidi. Na aika abin da zan iya, na sha kunyar abin da ban iya ba. Sanyi da duhun hunturu kuwa ba sai na faɗa ba. Mutumin da ya saba da sallama hamsin tsakanin gida da masallaci, sai ga shi ya wuni ba wanda ya kira sunansa.

Duk da haka, abin da na samu ba na iya musunsa. A karo na farko a rayuwata na sami lokaci. Na koyi yadda ake gane shekarun takarda daga tambarin da ke ɓoye a jikinta, da yadda ake ɗaukar hoton rubutu ba tare da an lalata shi ba. Na zauna na karanta aikin Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da ajami, aka kwashe su zuwa Jamus. Daga nan na hau jirgin ƙasa zuwa Kofanhegan, babban birnin Danmak. A ɗakin karatun sarautar ƙasar akwai ɗaruruwan shafuka na Larabci daga Kumasi, na malaman da suka zauna kusa da fadar sarkin Asante, da addu'o'i da hatimai da wasiƙu. Masana suna ganin sun faɗa hannun Turawan Danmak ne bayan yaƙin Katamanso na 1826. Da aka ajiye mini su a gaba, na ga irin jan alƙalamin da aka koya mini a makarantar allo, sai da na fita waje na share hawaye.

Ina cikin wannan murna, a daminar 2018, aka buga mini waya cewa Kawu ya rasu da asuba. Kafin azahar an kai shi. Ko da ina da fuka-fuki ba zan samu jana'izar ba. Kawu yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardun kakanmu: wasiƙun cinikin goro, da lissafin bashi, da sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu. Sau nawa ya ce mini, "Ɗana, zo mu duba akwatin nan tun idona yana gani," ni kuwa in ce sai na dawo daga Legon, sai na gama digiri, sai na dawo daga Jamus. Bayan rasuwarsa aka rufe ɗakin, kwano ya yi ta yoyo damina guda. Da na zo na buɗe akwatin, rabin takardun sun manne sun zama dunƙule, gara ta ci saura. Shafi goma sha ɗaya na tsira da su. Takardun da aka ƙwace a fagen yaƙi suna nan lafiya bayan kusan shekara 200, namu da muka gada cikin lumana sun ruɓe a ƙarƙashin gadonmu. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba sai kaina.

Da wa'adina ya kusa cika, aka nuna mini wata ƙofar: aiki na shekara uku a wata ƙasar Turai, da albashi mai kyau. Ban raina waɗanda suka karɓi irin wannan ba. Na san wanda ya dawo ya tarar ba ofis, ba littafi, ba wutar lantarki a ɗakin gwaji, ya ga ilminsa yana bushewa. Na kwana uku ina juya maganar. Akwatin Kawu ne ya yanke mini shawara, da sauran akwatuna irinsa da na san suna nan a Yalwa da Alabar da Sabon Zongo, kowanne yana jiran tasa daminar. Gidauniyar kuma tana taimaka wa mai komawa gida da ɗan tallafi na farkon zama, wannan ya rage mini tsoro. Na dawo a ƙarshen 2019 da na'urar ɗaukar hoto da kwamfuta da akwati biyu na littattafai.

Yanzu duk ranar Asabar nakan bi gidajen malamai, in nemi izini, in ɗauki hoton takardunsu a gabansu, in mayar musu da abinsu tare da kwafi. Waɗansu sukan ƙi, suna tsoron zan sayar wa Turawa. Ba na jin haushi, domin sun ga masu bincike da yawa sun zo sun yi tambaya sun tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Nakan koma har sai sun yarda.

Kai ƙanena, ke ƙanwata, da kuke da digiri a hannu kuna neman irin wannan hanya, ku nema, kada ƙin farko ya karya muku gwiwa. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Amma kafin ku hau jirgi, ku zauna da tsohon da yake ta kiranku ku duba akwati, ku kuma san abin da za ku sayo a can wanda babu shi a kasuwar gida.

Ranar da na dawo, Mma ta dubi akwatunan biyu, ta sa aka buɗe, ta ga littattafai ne zalla. Ta ce, "Babana, wannan shi ne goron?" Na ce shi ne, Mma. Ta ce, "To, a kai ɗakin da ba ya yoyo."