Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Ƙanwata

Ɗana,

Mahaifiyarka ta ce sunanka bai fito ba cikin waɗanda aka ɗauka sojan sama, har ka daina cin abincin kirki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in ba ka labarin wani mutum, Eugene Bullard.

An haife shi a 1895 a garin Columbus na jihar Jojiya a Amurka, zamanin da baƙar fata ba shi da bakin magana a can. Yana yaro wasu Turawa suka zo gidansu za su rataye mahaifinsa saboda faɗan da ya yi da shugabansa a wurin aiki. Allah ya sa uban yana da sauran kwana. Uban ne kuma yake gaya masa cewa a Faransa ba a duba fatar mutum, maganar kuwa ta zauna masa a rai. Yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka ya gudu daga gida. Ya yi wa masu dawakai barantaka har ya iya sukuwa. A 1912 ya ɓuya cikin jirgin ruwan dakon kaya na Jamus, aka sauke shi a Aberdeen ta Sikotilan. Da dambe ya ci abinci a Ingila, damben ne kuma ya kai shi Paris.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya shiga rundunar baƙi ta Faransa. A 1916 ya ji mummunan rauni a Verdun, aka ba shi lambar yabo. Da raunin ya hana shi yaƙin ƙasa, sai ya nemi na sama. A watan Mayun 1917 ya karɓi takardar tuƙin jirgi, ya fita fagen daga kamar sau 20, da ɗan birinsa Jimmy a cikin jirgin.

Ga inda nake so ka natsu. Da Amurka ta shiga yaƙin, ta kira 'yan ƙasarta da ke tuƙa wa Faransa jirage. Ta karɓi Turawan, ta bar shi, saboda launinsa kawai. Da ya tsufa, bayan ya koma Amurka, aikin tuƙa lifta yake yi a wani dogon bene a New York. Ya rasu a 1961, sai a 1994 sojan saman ƙasarsa suka ba shi muƙamin hafsa.

Shi fatarsa aka duba, ba kuwa yadda zai canza ta. Kai jarrabawa ce, ana kuma sake ta. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ka ci abinci, ka koma kan lissafinka da gudun asuba, ka sake nema baɗi. Kuɗin fom yana wuyana.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.