Ranar Da Muka Tsaya Kan Ruwa A Kazaure

Mu 'yan Yankwashi ba mutanen ruwa ba ne. Ruwan da muka sani muna yara shi ne na rijiya da na kududdufi, shi ma na kududdufin sai a ɓoye. Duk wanda ya dawo gida jikinsa ya yi fururu, idonsa ya yi ja, ya san bulala ke jiransa. A lokacin gani muke iyayenmu sun matsa mana. Sai da muka girma muka gane abu biyu suke tsoro: nutsewa, da tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu, wanda ƙananan katantanwa ke goyon ƙwayarsa. Sun kare mu, Allah Ya saka musu da alheri, amma mun tashi ba mu iya iyo ba.

Shi ya sa ranar da wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Legas ya zo gida da wata ƙatuwar jaka ya ce jirgi ne a ciki, dariya muka yi masa. Da ya warware sai muka ga roba mai kauri a naɗe kamar tabarma, da famfon hannu, da filafili mai haɗe-haɗe, da igiya, da rigar kariya guda ɗaya. Ya ce allo ne da ake hura masa iska, mutum ya tsaya a kansa yana tuƙawa. Daga tsibiran Hawai na Amurka wasan ya bazu duniya. Wannan nasa na 'yan koyo ne: tsawonsa ya ɗan haura mita uku, faɗinsa kusan santimita 80, kuma faɗin nan shi ke hana shi yawan tangaɗi.

Washegari, a farkon hunturu, mu huɗu muka hau babura biyu muka nufi dam ɗin Muhammadu Ayuba da ke Kazaure. Mun isa rana ba ta daɗe da fitowa ba, ruwan lumui. Muka yi ta karɓa-karɓa da famfo har allon ya yi tauri kamar katako. Can gefe wani dattijo masunci yana gyaran komarsa a cikin kwalekwale. Muka je muka gaishe shi.

"Samari, a cikinku wa ya iya ruwa?"

Muka kalli juna. Mai allon ne kaɗai ya ɗaga hannu.

"To ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Kuma in hantsi ya dubi ludayi ku fito, iska za ta taso."

Muka ce, "To Baba, mun gode."

Koyon ya fi yadda muka zata sauƙi, ya kuma fi yadda muka zata ban kunya. Da farko kan gwiwa ake hawa, a tsakiyar allon daidai wurin mariƙi, a ɗaura igiyar a idon sawu. Sai ka yi 'yan tuƙe-tuƙe har ya fara tafiya, don allon da ke tafiya ya fi wanda ke tsaye daidaito, kamar keke. Sannan ka ɗora ƙafa ɗaya, ka ɗora ɗayar, ka ware su daidai faɗin kafaɗa, ka ɗan lanƙwasa gwiwa. Babban abin shi ne ido. Duk wanda ya kalli ƙafarsa sai ya faɗi. Wanda ya kafa idonsa kan duwatsun Kazaure can nesa, sai ƙafafun su daidaita da kansu. Kowannenmu ya sha ruwa, wani sau biyu, wani sau biyar. Amma da muka miƙe, muka ji ƙasa na tafiya ƙarƙashinmu babu ƙara babu hayaƙi, wallahi mun manta da sanyi.

Nan ne muka yi kuskure, kuma dukanmu muka yi shi. Ƙaraminmu ya ce rigar kariyar tana ɓata masa hoto, zai cire ta na minti ɗaya. Babu wanda ya hana shi, mu ne ma muka riƙe wayar. Hantsi ya riga ya yi, iskar ta taso daga bayanmu tana hurawa cikin dam. Mutum a tsaye kan allon iska tamkar tuta ne, duk jikinsa iska ke turawa. Kafin mu ankara ya wuce inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ya waiwayo ya ga nisan, ya ruɗe, ya faɗa.

Ba mu san yawan daƙiƙun ba. Abin da muka tuna shi ne salatin da muka saka, da muryar mai allon yana ihu, "Igiya! Ja igiyar!" Allah Ya sa tana ɗaure a ƙafarsa. Ya jawo allon ya rungume shi, ruwa na ci gaba da tafiya da su. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya tura kwalekwalensa, ya kamo shi ya dawo mana da shi yana kakkarwa.

Da ya ga mun natsu sai ya ce, "Masunci ma da aka haifa a bakin ruwa, in zai shiga zurfi da gorarsa yake shiga. Ku wa ya ce muku kun fi shi?" Gaskiya ya faɗa. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, inda gwanaye ke haɗuwa tun 1934, kowa da gorarsa yake faɗawa Matan Fada.

A hanyar komawa babu mai magana. Kowa na tuna Bagwai, watan Nuwamba na 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutanen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa sama da rai ashirin. Bagwai ba nisa gare ta da mu ba. Mun yi ta magana a kan rigar kariya a wancan lokacin, ga shi mun same ta a hannu mun ajiye ta saboda hoto.

Ba mu faɗa a gida ba sai bayan kwana uku. Mahaifiyar yaron ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, "To ku je ku koyi ruwan mana, tunda kun ƙi zama."

Abin da muke yi ke nan yanzu. Duk Asabar ɗin da ta samu muna zuwa wurin Baba da ɗan goronsa, yana koya mana iyo a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Mun haɗa kuɗi mun sayi riguna uku. Hoton nan kuwa yana nan a waya, ya fito da kyau sosai, amma har yau babu wanda ya yarda a saka shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya tsare mu da ku baki ɗaya.