Inda Wasiƙa Ke Maƙalewa

Manomin rani a fadamar Haɗeja ba ya yarda ruwa ya kai kwaminsa don kawai ya ji inji na ƙugi. Sai ya bi magudanar da ƙafa, don ya san halin kachalla wajen toshe hanya. Haka nake gwada uwar garken imel ɗin da na kafa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan garin. Sun gaji da tura farashi ga dillalan Kano ta adireshin Gmail na sakatarensu, suna son nasu mai ƙarewa da .ng.

Gwajin farko shi ne ka aika wa kanka. Ta iso nan take, shugaban ya ce, "Malam, ai shi ke nan." Na ce, "Alhaji, ko ƙofar ɗakin nan ba ta tsallake ba." Da na aika waje, shiru. Kundin Postfix ya nuna tana zaune a layin jira: kamfanin da ke ba mu intanet ya rufe ƙofa ta 25 ga saƙo mai fita, kamar yadda da yawa ke yi don maganin masu watsa saƙonnin banza. Muka zaga ta ƙofa ta 587, ta hannun wata uwar garke mai miƙawa.

Sai kuma Gmail ta maido ta da lamba 550. Wannan amsa ta fi shiru daɗi, don ko ba komai an faɗa maka laifinka. Tun Fabrairun 2024 Google ke neman kowane mai aikawa ya zo da shaidar SPF ko DKIM: ta farko na faɗin injinan da aka yarje wa aikawa da sunanka, ta biyu kuwa hatimi ce a jikin wasiƙar. Na saka duka biyun.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda 'yan ƙungiyar suka ga kamar wauta. Na kashe injin da gangan, na sa aka turo mana wasiƙu daga Kano, na kunna bayan kwana biyu. Duk suka shigo, domin ƙa'idar aika imel ta ce mai aikawa ya yi ta sake gwadawa har kwana huɗu ko biyar kafin ya haƙura.

To amma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kafin Hausa ya san ruwan nan ba ya kallon kwana biyar. Idan ofis ya nutse, dillali zai ga wasiƙarsa ta dawo, ya sayi shinkafa a wani wurin. Saboda haka na ƙara rijistar MX ta biyu, mai nuni ga wani inji a Kano da zai riƙe mana saƙo har ruwa ya janye. Shi ma na kashe na Haɗeja na gwada shi.