Babur Ɗin da Aka Ƙera Domin Hamada

Tsohon bakaniken ya daɗe yana duban hoton a wayar ɗansa kafin ya ce komai. Yana saurayi a Agadas lokacin da tseren Paris zuwa Dakar ke ratsa garin, ya kuma san ƙarar baburan wancan zamani kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. Wanda ke cikin hoton kuwa baƙo ne a wurinsa: KTM 450 Rally Replica, wanda kamfanin da ke Mattighofen a ƙasar Ostiriya yake ƙera ƙwaya kaɗan duk shekara, a kan tsarin baburan da 'yan tserensa ke hawa.

Abin da ya fara jan idonsa shi ne tankunan mai. Biyu ne a gaba, sun sauko gefen injin dama da hagu, na uku yana baya ƙarƙashin mazauni. A haɗe suna ɗaukar fiye da lita 30. Ya gyaɗa kai, domin wannan hikima ce da bai buƙaci bayani a kanta ba. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa raƙumi kaya ya san in nauyi ya taru a sama ko ya karkata gefe guda, tudun rairayi na farko ne zai kayar da shi. An sauke man ƙasa, an rarraba shi, don kada kan babur ya nutse a yashi.

Injin silinda ɗaya ne, kusan cc 450, iyakar da aka ɗora wa manyan 'yan tseren tun 2011. Ruwa ke sanyaya shi, giyarsa shida, salansarsa ƙirar Akrapovič. Tayar gaba inci 21 ce, ta baya 18, shokazoba kuma na WP ne. A saman kan babur an kafa wata hasumiya mara nauyi da ke ɗauke da fitilu da na'urar karanta hanya, domin a wannan tsere mai gudu ba ya cin nasara in ya ɓata. Tseren ma ɓata ce ta haife shi: Thierry Sabine ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, ya tsira, sannan ya shirya tashin farko daga Paris a Disambar 1978.

Sai tsohon ya tambayi inda kafireta take. Ɗan ya ce, “Baba, ai babu. Kwamfuta ce ke auna man, ta fesa shi cikin injin.”

A nan fuskarsa ta sauya. Cyril Neveu ya ci tseren farko ne da Yamaha XT500, babur da iska ke sanyaya shi, ana kuma taka shi da ƙafa ya tashi. Irin wannan in ya shaƙi ƙura, a gindin bishiya ake kwance shi, a wanke da fetur, a hura da baki, a mayar. Sabon ya fi shi ƙarfi, ba a musun wannan. KTM ta ci ɓangaren babura sau 18 a jere daga 2001 zuwa 2019. Amma in na'urarsa ta ƙi, sufana da kunne ba za su gano ciwon ba, kuma su ne jarin tsohon na shekara arba'in.

Ga shi kuma tseren da kansa ya yi ƙaura. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Sunan Dakar kawai ya rage masa daga Afirka.

Tsohon ya ƙara faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya tsaya a kan matatar iska. Ya ce yana so ya san kwana nawa za ta yi a ƙurar hunturu kafin ta toshe. Daga nan ya miƙa wa ɗan wayarsa, domin wani ɗan kabu-kabu ya turo babur da sarƙa a tsinke.