Gemu ba ya hana ninkaya



Tun da labari ya bazu a unguwa cewa na cike fom ɗin shiga gasar ninkaya, tambaya ɗaya ake yi min ko'ina: "Malam, da gemunka fari, wa za ka yi tsere da shi?" Na ga gara in ba da amsa a nan, kowa ya samu.

Da sa'o'ina zan yi. Irin wannan gasa ana kiranta Masters, kuma ta manya ce zalla. A dokar hukumar ninkaya ta duniya, World Aquatics, sai mutum ya kai shekara 25 zai shiga. Daga nan ana kasa mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka har sama da 90. Ana duba shekarun da mutum zai cika ne ranar 31 ga Disamba ta shekarar gasar. Ni a watan Nuwamba zan cika 50, saboda haka tun yanzu rukunina 50 zuwa 54 ne. A fom ɗin akwai gurbin da za ka rubuta lokacin da ka saba ɗauka a nisan da ka zaɓa. Yawanci da shi ake jera mutane a ruwa, masu sauri tare, masu jan jiki tare, amma wajen sakamako da 'yan rukuninka kawai za a auna ka. Ni mita 50 na zaɓa.

Abin ya daɗe a duniya. Wani likitan sojan ruwan Amurka, Ransom Arthur, shi ya assasa shi a 1970, don manya su samu dalilin ci gaba da motsa jiki. An yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 1986, ta 2024 kuma a Doha aka yi ta. A Japan, wata tsohuwa mai suna Mieko Nagaoka ta shiga ruwa ne bayan ta kai 80 saboda ciwon gwiwa, a 2015 kuwa, tana da shekara 100, ta yi iyon mita 1,500.

Ni ma gwiwa ce ta mayar da ni ruwa. Ƙwallon da muke bugawa da yamma ta gagare ni, likita ya ce in nemi motsa jikin da ba ya ɗora nauyi a gaɓoɓi. Iyo kuwa tun muna yara muka koya a kududdufi, a ɓoye, da bulala a ƙarshensa idan an dawo gida ido ya yi ja. Haka yawancinmu muka taso: iyo aikin yara marasa ji ne, babba ya shiga ruwa girma ya faɗi. Alhali garin nan ya karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a shekarar 2000, ga madatsar Gubi kusa da mu, ga ruwan Wikki a Yankari mai ɗumin digiri 31 rani da damina. Mutane na zuwa daga Turai su yi iyo a cikinsa, mu kuma mu tsaya a baki muna ɗaukar hoto.

Wani dattijo ya tare ni bayan la'asar a kan batun al'aura, kuma tambayarsa tana kan hanya. Dokar gasa ta yarda namiji ya sa wando daga cibiya zuwa gwiwa. Irinsa nake sawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu. Duk damina sai mun ji an ciro yaro daga kududdufi, mu yi salati, mu yi jana'iza, mu koma gida. Yaro ba zai daina zuwa ruwa don an hana shi ba, mu ma ba mu daina ba. Amma idan uba ko kawu ya iya ruwa da ƙa'ida, zai koya wa na bayansa a fili, a wurin da ke da mai tsaro. Tun da na koma atisaye, 'ya'yana biyu da ɗan maƙwabcina suke bi na duk Asabar, kuma yanzu kowannensu ya iya kwanciya a kan ruwa ya yi numfashi ba tare da firgita ba. Iya ruwa fidda kai, in ji magabata.

Rajistar ita ce ta ɗaure ni. Da babu ranar gasa a gabana, da sanyin asuba ya daɗe da kayar da ni. Shawarata ga duk wanda ya haura 40: ya fara ganin likita a auna jininsa da zuciyarsa, kada kuma ya taɓa shiga ruwa shi kaɗai.

Akwai tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu, inda ake haɗa shekarunsu wuri ɗaya a fitar da rukuninsu. Ina neman mutum uku daga Gwallaga. Mai sha'awa ya same ni a masallaci bayan sallar isha'i.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Amin.