Kumburin wuyan ɗalibata

Shekarar da nake riƙe da ajin CM2 akwai wata yarinya da na sa wa ido, ido na rashin adalci. Kullum tana gyangyaɗi, ana tsakiyar zafin watan Afrilu ita tana cewa sanyi take ji. Na kira ta raguwa a gaban ƴan aji, ba sau ɗaya ba. Sai ranar da mayafinta ya zame na ga gaban wuyanta ya tasa. Maƙoƙo ne.

Ni na raka uwarta asibiti, don kunya ta ishe ni. A can likita ya zaunar da mu ya warware mana zancen.

A gaban wuya akwai wata tsoka mai suna tiroyid. Ita ke zuba wa jini sinadarin tiroksin, mai tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗuminsa, da girman yaro har da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Amma ba ita ke yanke yawan da za ta zuba ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, bai fi ƙwayar wake ba, ana ce masa ipofiz. Aikinsa irin na uwargida ne a bakin tukunya: kullum yana ɗanɗana jini. In tiroksin ya yi kaɗan, ya aika saƙon da ake kira TSH, a ƙara. In ya isa, ya rage saƙon. Haka abin ke tafiya dare da rana ba mu sani ba.

To tiroyid ba ta iya haɗa tiroksin sai da iyod, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke cewa aidin. In babu shi a abinci, ipofiz zai ci gaba da aike, ita kuma tana ta ƙoƙari tana kumbura. Abin da babba ke bukata a yini bai wuce mikrogram 150 ba, mai ciki 250. Ɗan mitsitsin abu, amma rashinsa a ciki na iya tauye basirar jariri har abada.

Likitan ya tambayi uwar wane gishiri take saye. Na awo ne, wanda ke shanye a rana a kasuwa, kuma ko mai iyod ne, rana da damshi suna cinye shi.

Da na koma gida na buɗe kwanon gishirinmu. Irinsa ne, babu ko murfi. Washegari na ba yarinyar haƙuri a gaban ajin da na kunyata ta.